Malamar da Ta Zo Auna Tarwaɗata

Da na aje aikin koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, zaman gida ya gagare ni. Gidana yana unguwar Zariya a Maraɗi, kuma duk wanda ya zauna ƙofar gida a unguwar nan da hantsi, abin da zai gani kawai shi ne mutane suna fita aiki, shi yana rungume da rediyo. Na jure na ƴan watanni, sannan na koma wa wani ɗan fili da mahaifinmu ya bar mana a Jiratawa, kusa da lambunan da ake ban-ruwa. Na gina basan huɗu, wato ramukan siminti masu zurfin ƙugu, na gyara rijiya na sa mata pampo, na zuba ƴaƴan tarwaɗa. Kullum da safe in hau moto in tafi, in dawo bayan la'asar.

Ba ni da damuwar kasuwa, don yayata tana Sabon Gari, kuma bandar kifi ce sana'arta tun ina ɗan makaranta. Tana da ganguna uku da aka yanke aka shimfiɗa wa waya, hayaƙinsu ya baƙanta katangar gidanta har sama. Kusan duk abin da na kama, ita ke ɗauka.

Abincin kifi ne ya ba ni wahala. Na buhu da ake shigowa da shi ya fi ƙarfina, sai na fara haɗa nawa: dusa, tunkuza, garin zogale, da wani abu na huɗu da ban gaya wa kowa ba. Matan da ke soya fara a kasuwa, in sun gama, akwai ɓarɓashi da ke taruwa ƙasan buhu, karyayyun ƙafafu da kawuna da gari. Shi nake bi ina tarawa, ina ce musu na kaji ne. In na kwaɓa duka, sai in matse a injin niƙa nama na hannu, ya fito kamar taliya, in shanya a tabarma. Ni na gano wannan da kaina, kuma ina ji da shi fiye da yadda ya kamata.

A shekara ta uku yaya ta fara ƙorafi. Ta ce kifina yana zubar da mai a kan wuta, kuma in ya kwana biyar ko shida sai ya riƙa kankare maƙogwaro. Masu saye sun fara maido mata da magana. Na ce mata itacenta ne, ta canza mai kawo mata itace. Ta ce da itacen nan take banda kifin masunta, shi bai yi haka ba. Muka rabu a kan haka, kowa da fushinsa.

Ba a yi sati biyu ba, wata ranar Talata ina sauya ruwan basan, sai ga kabu-kabu ya sauke wata mata a bakin shinge. Ba za ta wuce shekara talatin da ƴan kai ba. Tana sanye da hijabi da takalmin roba mai tsawo irin na masu aikin lambu, tana rataye da farin akwatin ƙanƙara. Ta yi sallama, ta gaishe ni da ladabi, ta ce mini Baba. Ta ce ita ƴar Tsibiri ce, tana koyarwa a jami'a, kuma bincikenta a kan abin da kifin kiwo ke ci ne da yadda yake shafar naman da mutane ke ci.

Tambayar da na fara yi mata ita ce wa ya nuna mata wurina. Ta ce ta sayi kifin banda a Sabon Gari, ta ji wani abu a ɗanɗanonsa, ta koma ta tambayi mai shi, mai shi ta kwatanta mata hanya. Wato yayata ce ta turo mini baƙuwa ba tare da ta gaya mini ba.

Tana magana, ni ina lissafin abin da ya kawo ta. Na daɗe ina ganin mutanen poroje, masu ayyukan tallafi, tun ina koyarwa a ƙauyuka: su zo da mota, su ɗauki hoto, su kafa allo, ba ka ƙara ganinsu. Amma wannan ba mota, ba allo. Sai na ce ko masu duba lafiyar abinci ne suka aiko ta a ɓoye don a rufe mini wuri. Ko kuwa wani mai manyan basan da ke gabas da ni ne, wanda ya sha tambayata me nake ba kifina. Kowanne na ɗauka sai in ga ya zauna daidai.

Da ta tambayi haɗin abincina, na ba ta na ƙarya. Na cire fara gaba ɗaya, na ƙara yawan zogale. Ta rubuta a kaye, wato littafin rubutunta. Ta sayi kifi biyu, ta fiɗe su nan take a kan wani faranti da ta fito da shi, ta daɗe tana duban hantar, wadda ta yi fari-fari ta kumbura. Ta zuba kayan cikin a ƴan ledoji, ta rubuta a jikinsu, ta sa a akwatin. Daga nan ta roƙi ta ga ɗakin da nake ajiya. Na ce na manto makulli a gida. Makullin yana aljihuna, ina jin sanyinsa a cinyata.

Da yamma na biya Sabon Gari na yi wa yaya faɗa. Ta saurare ni tana juya kifi, ta ce ita ba ta ga laifi ba, yarinyar ta yi mata tambaya da mutunci ta ba ta amsa. In ina da abin ɓoyo, in ji ta, wannan ni ya dama.

Bayan sati uku malamar ta dawo. Ta zauna a kan bulo, ta buɗe kayenta.

"Baba, akwai abin da ba ka gaya mini ba," in ji ta. "Na ga ƙafar fara cikin hanjin kifin."

Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma nuna ta kama ni ba. Ta ce farar ba ita ce matsala ba, hasali ma ita ce mafi amfani a cikin haɗin. Matsalar tana cikin tunkuza. Ta ce ranar da ta zo ta tsinci ƴan ƙwayoyin abincin da suka zube a bakin basan, ta kai ɗakin gwaji, aka samu dafin hunhuna a ciki, kuma man da ya rage cikin tunkuzar ya tsufa ya lalace. Shi ke kumbura hantar kifi, shi ke bin naman har kan wutar yaya.

Abin da ya tsaya mini a rai ba dafin ba ne. Tsintar da ta yi ne ban sani ba. Na gaya mata haka, na ce wanda ya shigo wurin mutum ya ɗauki abu bai tambaya ba, akwai sunan da ake kiransa. Ta sunkuyar da kai, ta ce gaskiyata, ya kamata ta tambaya, ta ba ni haƙuri. Sannan ta ce har yanzu tana son ganin ɗakin ajiyar.

Na buɗe mata, don na rasa wata ƙaryar. Buhunan suna jibge a ƙasa, kuma rufin ya yi yoyo da damina a kusurwar da suke. Ta zaro curin tunkuza daga ƙasan buhu ta ɓare shi. Cikinsa ya yi kore-kore da toka-toka. Ta miƙo mini in shinshina. Na san warin. Na daɗe ina jinsa in na buɗe ɗakin, ina ce wa kaina warin ɗaki ne.

Daga nan na zuba ido in ga ta fito da sunan wani abincin buhu da za ta ce in saya. Na riga na yanke cewa nan maganar za ta ƙare, ƴar tallar wani ɗan kasuwa ce da takardun jami'a. Ba ta ambaci kowa ba. Cewa ta yi mu gwada: basan biyu, kifi iri ɗaya, ɗaya in ci gaba da ba shi haɗina yadda na saba amma da tunkuza mai kyau, ɗaya kuma a ba shi yadda za ta tsara. Kayan duk nawa ne, awon ne ya bambanta. A rage tunkuza, a ƙara fara bayan an tankaɗe ta, a rage zogale don in ya yi yawa kifi ba ya ci sosai. A ɗora buhuna a kan katako. Kar a kwaɓa abin da zai wuce sati biyu. In za a kama kifi, a daina ba shi abinci kwana ɗaya ko biyu, a sauya masa ruwa.

Na yarda, amma da niyyar in kama ta. Ni na zaɓi basan, na ba ta wanda rana ta fi duka, na ɗauki na inuwar darbejiya. Ni na raba ƴaƴan kifin da hannuna. Tana zuwa duk sati biyu da ma'auninta, ni kuma na aro na wani mahauci, duk kifin da ta auna sai na sake aunawa, in rubuta a nawa kayen. Ba ta taɓa nuna ta ji haushi ba. Har takan jira in gama, ta tambaye ni nawa na samu. Akwai wani ɗan ƙarfe mai waya da take tsomawa cikin ruwa tana karanta lamba. Na zargi wani abu yake saki a ruwan basan ɗinta, sai na ce ta tsoma a nawa ma. Ta ce ai kullum tana tsomawa. Na ce to ta tsoma a kofin ruwan da nake sha. Ta wanke shi, ta tsoma, ta gaya mini lambar, ta ce ruwana yana da kyau. Na zubar da ruwan bayan ta tafi.

Wajen wata na biyu na ga kifinta ya fara wuce nawa a ma'aunin mahaucin ma. Abin da na yi a lokacin ba na jin daɗin tuna shi. Na riƙa ƙara wa basan ɗina abinci, safe da yamma, har kwana bakwai. Kifin bai cinye ba, ragowar ta ruɓe a ƙasa, ruwan ya yi kauri yana wari. Wata safiya na tarar da wasu sun taso ciki sama. Ranar kuwa ranar zuwanta ce. Ta dubi ruwan, ta tsoma ƙarfenta, ta tambaye ni ko an canza wani abu. Na gaya mata gaskiya, don ta riga ta gani. Ta taya ni sauya ruwan, muka kwashe matattun. Sannan ta zauna ta rubuta abin da ya faru da yawan kwanakin.

Na ce mata ai wannan zai ɓata mata aiki, ta bar rubuta shi mana. Ta ce in ba ta rubuta ba, wanda zai karanta zai ɗauka haɗinta ya fi nawa da nisan da bai kai ba. Na koma gida ina juya maganar. Ban ce na yarda da ita ba. Na dai rasa inda zan ajiye wannan a cikin zargin da nake mata.

A kwanakin ne ta gaya mini ba wurina kaɗai take gwaji ba, akwai wasu masu kiwo a Tsibiri da bakin gulbi. Ta nemi izinina ta gwada farar a can. Na ce zan yi tunani, ban kuma sake tayar da maganar ba. Bayan wata guda na je suna a Tsibiri, gidan wani tsohon abokin aikina. Da aka watse ya ce in zo in ga basan ɗin ƙanensa. Muna shiga na hangi tabarma a rana, ɓarɓashin fara a shanye. Na tambayi mutumin wa ya koya masa. Ya ce matan kasuwa ne suka gaya masa akwai wani tsohon mushe, wato malamin lakwal, na Jiratawa da ke kwashe musu ɓarɓashi yana cewa na kaji ne, alhali kowa ya san ba ya da kaza ko ɗaya. Bai san ni ne ba. Na tambaye shi ko malamar jami'a na zuwa wurinsa, ya ce tana zuwa, kuma da ta ga farar ta ce masa ya ci gaba.

Na dawo Maraɗi ban san wa zan zarga ba. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Mai yiwuwa kuma ita ta kai masa, ta koya masa abin da zai ce in an tambaya. Na yi niyyar in tuhume ta, da ta zo na kasa. Har yau ban tambaye ta ba.

Da lokacin kamu ya yi, kifinta ya fi nawa nauyi, ba da nisa mai yawa ba, amma ko a ido ana gani. Da aka fiɗe, hantarsa ja ce sumul, nawa kuma ya fi kitse a ciki. Muka kai wa yaya ta banda su dabam-dabam. Ni na zuba su a kwanduna biyu iri ɗaya, na ɗaura zare a ƙasan ɗaya, ban gaya wa kowa na wane ne ba, har malamar. Ta ce haka ma ya fi. Aka ajiye kwana goma. Ranar da aka buɗe, yaya ta kira mata uku cikin masu saye a wurinta, suka zauna a tsakar gida suna ɓara suna ci. Ni da malamar muna gefe. Kifin kowane kwando ya fi na da, don tunkuzar mai kyau ce a duka biyun, amma su huɗun kwando ɗaya suka nuna. Yaya ta ɗaga shi ta ajiye a gabana.

"Wannan za ka riƙa kawo mini," in ji ta. "Ban damu da na wane ne ba."

Na juya kwandon na duba ƙasansa. Na malamar ne. Daga ranar na koma awonta, na gyara rufin ɗaki, kuma ƙorafin masu saye ya tsaya.

Ta rage zuwa bayan haka, sai gaisuwa a wayar salula lokacin salla. An yi kamar shekara biyu, wata rana mijin ɗiyata, wanda ke aiki a wani biro, wato ofis, a cikin gari, ya zo gaishe ni ya ce ya ga malamata a intanet. Ya nuna mini a salularsa: hotonta, jerin rubuce-rubucenta, da wata lamba a gefen kowanne. Ya ce lambar tana nuna masana nawa ne suka ambaci aikin a cikin nasu. Na kan tunkuza da fara shi ya fi kowanne. Ya buɗe mini sunayen masu ambaton, daga ƙasashen da na sha nuna wa yara a taswira ban taɓa zuwa ba. Na tambaye shi wa ke ƙirgawa, kuma wa ke duba mai ƙirgar. Ya ce na'ura ce. Wannan bai kwantar mini da hankali ba.

Kwana uku ina tafasa. Na ce ashe abin da ake nema ke nan tun farko: ta hau kan kifina da farata ta yi suna a duniya, ni ina nan ina wanke basan. Rana ta huɗu na sa babbar riga na tafi biro ɗinta. Ta tashi ta ba ni kujera, ta kawo ruwa. Na faɗi abin da ke raina ban rage ba. Ta saurara har na gama, sannan ta ciro takardun daga kabad. Da Ingilishi aka buga su, amma akwai taƙaitawa da Faransanci, na karanta da kaina. Ta nuna mini wani layi a ƙarshe ta fassara mini: godiya ga masu kiwon kifi na kwarin Maraɗi, musamman wani a Jiratawa wanda shi ya fara amfani da ɓarɓashin fara, kuma ya nemi kar a ambaci sunansa.

Sai na tuna. Ana tsakiyar gwajin ta taɓa kawo mini wata takarda in sa hannu, na karanta sau biyu na mayar mata, na ce kar in ga sunana a ko'ina. A lokacin ina tsoron a bi sunan a zo mini da haraji ko rufe wuri.

Na tambaye ta kai tsaye me ta samu da wannan aiki. Ba ta kauce ba. Ta ce an ƙara mata matsayi, ana gayyatarta taro a wasu ƙasashe, kuma ɗalibai suna neman ta duba aikinsu. Ta ce ta amfana, ba za ta ce mini don Allah kawai ta yi ba. Ta ce akwai rubutu na gaba, in na yarda za ta sa sunana cikakke. Na ce zan yi shawara. Ta raka ni har bakin ƙofa. Na fito da takardun a hannu, ban huce duka ba, ban kuma san me ya rage da zan yi fushi a kai ba.

Yanzu abin ya bazu. Matan fara sun daina zubar da ɓarɓashi, a tiya suke auna shi, sai ka yi sammako kake samu. Masu kiwo da ban sani ba suna ɗora buhu a kan katako, suna ɓare tunkuza su shinshina kafin su saya. In ka tambaye su, sai su ce haka malamar jami'a ta ce, wasunsu ba su taɓa ganinta ba.

Watan jiya na ga wani a kasuwa da buhunan abincin kifi marasa tambari, yana rantsuwa haɗin malamar ne, har wai ita ke aiko masa. Na sayi tiya ɗaya. A gida na murza shi a tafin hannu, na ji kamar da yashi, na jiƙa a kofi na ga abin da ya kwanta a ƙasa. Tunani biyu suka zo mini tare: ko mutumin yana cin kasuwa da sunanta, ko kuwa da saninta. Na kira ta, ta ce ba ta san shi ba, ba ta sayar da komai, in kai mata ta gwada. Muryarta ta nuna ranta ya ɓaci, kuma na fi karkata ga cewa gaskiya take faɗa.

Na kai biro ɗin ranar Litinin, na tarar ta yi tafiya, sai na bar wa sakatariya da ƴar wasiƙa. Rabi na bari. Sauran rabin yana gida cikin gwangwanin madara, na rufe bakinsa da leda, don in sakamakon ya fito in samu wani ya sake dubawa. Ban san wa zan kai wa ba tukuna.